Mun Tafi Neman Bayodizal, Muka Dawo da Sabulu

Mu huɗu aka haɗa a gurup ɗaya lokacin firojek ɗin ND II, kuma taken da aka ba mu bai yi kama da wanda zai hana kowa barci ba: mu haɗa bayodizal daga tsohon man suya. Mai dai ba mu sha wahalar samunsa ba, masu awara da ƙosai na bakin get suka tara mana galan guda. Mitanol littafi ya ce a sa, amma ranar da muka shiga kasuwa babu shi, sai itanol, an rubuta 96% ɓaro-ɓaro a jikin jarkar. Muka ce ai ɗan juma ne da ɗan jummai, muka yi karo-karo muka sayi lita biyar.

Muka narka kostik soda a ciki, muka juye a kan mai, muka yi ta juyawa a kan zafi har awa guda, sannan muka ajiye muna jiran abin ya rabu gida biyu, bayodizal a sama, gilisirin a ƙasa. Washegari da safe abin da muka tarar ya fi kama da kindirmon da ya kwana uku. Dattijon da ke kula da leb ɗinmu, wanda kowa ke kira Baba, ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken taga, ya ce, "Ku yaran nan, man mota aka sa ku yi ko sabulu? Kun busar da itanol ɗin kuwa?"

Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Baba, abu mai ruwa-ruwa kuma ta ina ake busar da shi? A rana za mu shanya?"

Bai yi dariya ba. Mu ma da muka lissafa kuɗin da ya tafi da kwanakin da suka rage kafin difens, sai dariyar ta koma ciki. Wannan tambaya ta Baba ita ce dalilin rubutun nan, domin duk shekara sai an sami wani gurup a SLT ko Kemikal Injiniyarin da ya faɗa ramin da muka faɗa, ga kuma masu ɗan gwaje-gwajensu a gida ko a hostal.

A harshen leb, idan an ce a busar da sinadari mai ruwa-ruwa, ana nufin a cire ruwan sha na ainihi da ya ɓuya a cikinsa. Itanol da mitanol da aisofurofanol duk 'yan gida ɗaya ne, dangin alkohol, kuma a leb aikinsu narkar da abubuwa ne da wanke su. Dukansu suna haɗuwa da ruwa ba tare da an ga inda aka yi haɗin ba. Ka auna mililita 50 na itanol tsantsa da 50 na ruwa ka haɗa, ba za ka sami 100 ba, wajen 96 za ka samu, saboda yadda ƙwayoyinsu ke rungumar juna. To wannan ɗan ruwan da ido ba ya gani shi ya ɓata mana aiki. Soda a cikin haɗin bayodizal mai zuga ce kawai, aikinta ta sa mai da alkohol su yi musanya. Amma idan akwai ruwa, sai man ya farfashe, sodar ta kama abin da ya farfashe, a sami sabulu, daidai yadda iyayenmu mata ke yin sabulun salo da ruwan toka. Sabulun ya cinye sodar, sannan ya riƙe gilisirin ya hana shi kwantawa. Itanol kuwa ya fi mitanol saurin fushi a wannan wajen.

Ba mu kaɗai ruwan nan ke cuta ba. 'Yan Bayoloji da ke shirya silaid sun san idan nama bai gama bushewa a alkohol na ƙarshe ba, da an tsoma shi a zailin sai ya yi fari kamar madara. Mai gyaran waya idan ya wanke bod da sifirit mai ruwa, sifirit ɗin zai tashi ya bar ruwan a ƙarƙashin ƙananan kayan, tsatsa ta biyo baya. Kafintan da ke narka shelak yana shafa wa katako, ruwa ne ke sa shafen ya yi hazo-hazo.

Me ya sa tafasawa ba ta isa

Tunanin farko da ke zuwa wa ɗalibi shi ne distileshan. Itanol na tafasa a digiri 78.4, ruwa sai ya kai 100, to a tafasa mana a tare tururin. Haka ne, amma zuwa wani wuri. Idan ka fara da haɗi mai ruwa da yawa, tururin da ke tashi ya fi abin da ke tukunya yawan itanol, kuma kowane zagaye yana ƙara ƙarfi. Da an kai itanol kashi 95.6 cikin 100 a nauyi, ruwa kashi 4.4, shi ke nan an zo bango. A wannan gejin tururin da ke tashi da ruwan da ke tukunya abu ɗaya ne sak, kuma haɗin yana tafasa a digiri 78.2, wato ƙasa da itanol tsantsa ma. Ko ka kwana kana maimaitawa, ko kolum ɗinka ya kai tsawon sandar fitila, abin da ka zuba shi za ka tara. Wannan haɗi mai taurin kai shi ake kira aziyotirof, sunan da wasu masana biyu na Ingila, John Wade da Richard Merriman, suka raɗa masa a 1911 daga kalmomin Girkanci masu nufin abin da tafasa ba ta sauya shi.

Saboda haka kashi 96 da ke jikin jarkarmu ba ha'incin ɗan kasuwa ba ne, kusan iyakar abin da distileshan ke iya bayarwa ke nan. Aisofurofanol ma yana da nasa bangon, a wajen kashi 88 a nauyi, wanda ya yi daidai da kashi 91 a cika, shi ya sa za ka ga wannan lamba ta 91 a wasu kwalabe da ake shigowa da su daga Amurka. Mitanol ne kawai a cikin ukun ba shi da aziyotirof da ruwa.

A masana'antu an daɗe da samun dabarar tsallake bangon. A 1902 Sydney Young ya nuna cewa idan aka ƙara benzin a cikin haɗin, yana tashi tare da ruwan ya bar itanol tsantsa. An yi shekaru ana haka, har aka tabbatar benzin na jawo sankarar jini, aka koma wasu sinadarai irin su saikulohekzen. Wannan ba hanyar ɗalibi ba ce. Tamu hanyar ita ce a zuba wani busasshen abu mai ƙishirwa, wanda zai tsotse ruwan ya bar alkohol ɗin. Bari in kira su matsotsan ruwa.

Kafin in shiga sunayensu, ga abin da ya fi komai muhimmanci, kuma shi muka kasa yi a gwajinmu na biyu: lissafi. Bayan maganar Baba, ɗaya daga cikinmu ya tattaro 'yan ƙullin silika jel ɗin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, ya farke kamar guda goma ya juye a cikin lita guda, muka girgiza muka ce an bushe. Baba ya ce mu ɗauko biro. Kashi 96 na jikin jarka, in ji shi, awon mudu ne, ba awon sikeli ba. Lita ɗaya ta wannan itanol nauyinta wajen giram 807 ne, kuma kusan kashi 6 cikin 100 na wannan nauyi ruwa ne. Giram 50 ke nan na ruwa, fiye da cokali uku na cin abinci, a kowace lita. Silikar da muka zuba duk duka ba ta kai giram 20 ba, kuma ta riga ta sha iskar duniya ta ƙoshi tun tana kwalin takalmi. Ko da sabuwa ce, ƙofofinta manya ne, tana shan alkohol kamar yadda take shan ruwa, ga alkohol ya ninka ruwan sau goma sha biyar a cikin kwalbar. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Idan kuma abin da ke hannunka aisofurofanol ne mai kashi 70 na kemis, ruwan da ke cikin lita ya haura giram 300. Duk wanda bai san wannan adadi ba kafin ya buɗe gwangwanin sinadari, kuɗinsa kawai zai zubar.

Waɗanda ke kan shelf

Abin da hannun ɗalibi ke fara kaiwa a leb shi ne sodiyam salfet ko magniziyam salfet, domin da su muka saba busar da ita da irin su dayikuloromiten a firaktikal. A kan takarda cikinsu babba ne: giram 142 na sodiyam salfet na iya riƙe giram 180 na ruwa. Sai dai riƙon nasa sako-sako ne, kuma itanol ya fi shi son ruwa, don haka a kashi 96 kusan ba abin da yake iya ƙwacewa. Ga wata matsalar da littattafan ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da ita ba amma mu ta shafe mu kai tsaye: sodiyam salfet ba ya iya riƙe wannan ruwa idan zafi ya haura digiri 32.4. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda rana ke wuce 40, leb ɗin da babu na'urar sanyaya ɗaki ya riga ya fi ƙarfinsa tun kafin azahar. Magniziyam salfet ya ɗan fi shi kamun kirki, kuma mai gwaji a gida na iya samunsa ta hanyar gasa gishirin Epsom na kemis a zafin da ya haura digiri 200 har ya zama farin gari. Yana rage ruwa, amma ba zai kai ka ga itanol ɗin da bayodizal ke so ba.

Kalsiyam kulorayid shi ne babban tarko. Gwani ne wajen busar da iska, shi ya sa ake zuba shi a ƙasan desiketa, amma da alkohol haɗa kai yake yi. Yana narkewa a ciki, yana kama ƙwayoyin mitanol da itanol kamar yadda yake kama na ruwa. Ka tafi cire ruwa ka dawo da alkohol mai gishiri, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Wanda ke da ban sha'awa a gani shi ne fotasiyam kabonet. Ka zuba shi da yawa a cikin itanol mai ruwa sosai ka girgiza, sai ka ga haɗin da ya rantse ba zai rabu ba ya rabu gida biyu: ruwa mai nauyi da gishirin a ƙasa, itanol mai ƙarfin wajen kashi 90 a sama. Tsohuwar dabara ce ƙwarai. Da busasshen alkali irin wannan Johann Tobias Lowitz ya samar da itanol tsantsa a 1796. Shi ne kuma sinadarin da ke ba ruwan toka kaifinsa. Amma a kula, kanwar kasuwa ba ita ba ce, ko da yake a Turancin Nijeriya ana ce mata fotash. Kanwa galibinta sodiyam kabonet ce da baikabonet, ga ƙasa, ga ruwa a jikinta. Shi kuwa aisofurofanol ko gishirin miya ma yana raba shi da ruwa haka, abin da gishirin ba ya iya yi wa itanol. Sai dai kason saman yana fitowa da sauran ruwa da ɗan gishiri, don haka mai gyaran waya kada ya kuskura ya zuba shi a bod haka nan. Duk waɗannan matakin farko ne, na sauke babban kaya.

Sai kalsiyam oksayid, CaO, wanda ake samu idan an ƙona dutsen farar ƙasa a zafin wajen digiri 900, irin dutsen da ake haƙa don siminti a Kalambaina da Ashaka. Shi ba tsotsa kawai yake yi ba, haɗiye ruwan yake ya rikiɗe ya zama kalsiyam haidiroksayid, ba ya kuma sakinsa. Giram 56 na cin giram 18 na ruwa, don haka giram 50 ɗinmu na buƙatar aƙalla giram 156, a aikace kuwa ana sa wajen 250 a kowace lita. A leb ana tafasa su tare na wasu awoyi da kondensa a tsaye yadda tururi zai riƙa komawa, a bari ya kwana, sannan a yi distileshan, a sami kusan kashi 99.5. Yana da araha, amma yana da halinsa. Ƙurarsa na ƙona ido, yana yin zafi idan ya sha ruwa, yana riƙe wani kaso na itanol ɗinka a cikin taɓon da ya bari, kuma garinsa na bi ta takardar tacewa, dole sai an yi distileshan. Farar ƙasar shafen bango kuwa ta riga ta sha ruwanta, ba ta da sauran ƙishirwa.

Rariyar da ido ba ya gani

Abin da ya cece mu a ƙarshe wasu 'yan duwatsu ne masu launin ƙasa-ƙasa, girmansu bai wuce ƙwayar dawa ba. Baba ya fito da su daga wani gwangwani da ya naɗe wa baki da salatif, a jiki an rubuta 3A. Sunansu rariyar molekul, kuma sunan ya dace. An yi su da ziyolait, wani ma'adini na alminiyam da silikon wanda cikinsa duk ramuka ne masu ƙofa iri ɗaya, girma ɗaya. Axel Cronstedt na Suwidin ne ya sa wa ma'adinin suna a 1756, dutse mai tafasa, saboda ya ga yana fitar da tururi idan an gasa shi. Wanda muke amfani da shi ƙirar masana'anta ne, kamfanin Union Carbide na Amurka ya fara sayar da shi a 1954.

Lambar 3A faɗin ƙofar ce, angistirom uku. Angistirom ɗaya kuwa, ka raba milimita gida miliyan goma ka ɗauki ɗaya. Ƙwayar ruwa ba ta kai uku ba, don haka tana shigewa ta maƙale a ciki. Ta mitanol ta haura uku da rabi, ta itanol ta haura huɗu, sai su tsaya a waje. Bambancin rariyar gida da wannan shi ne, a nan abin da ya wuce ta ƙofa shi ne abin da ba a so, kuma ba ya fitowa. Saboda haka idan mai shago ya ce maka babu 3A amma ga 4A, duk ɗaya ne, ka ce masa na gode. Ƙofar 4A ta isa mitanol da itanol su kutsa su cike gurbin da ruwa zai zauna.

Rariyar na ɗaukar ruwa kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta. Giram 50 na ruwa ke nan na son giram 250 a ƙalla, kuma wannan lissafin idan ta cika maƙil ne, alhali tun kafin ta cika kamunta ke raguwa. Mu ninkawa muka yi, kuma a zubi biyu: rabi ya kwana biyu a ciki, muka tsiyaye itanol ɗin zuwa wata busasshiyar kwalba, muka zuba sabon rabi. Ana zubawa ne kaɗan-kaɗan, don tana yin zafi sosai idan ta haɗu da ruwa. Ba ta son gaggawa. A 2010 Bradley Williams da Michelle Lawton na Jami'ar Johannesburg sun auna ƙarfin matsotsa iri-iri, suka ga rariyar 3A na iya sauke ruwan mitanol da itanol zuwa wajen kashi 10 cikin miliyan, amma sai da ta yi kwana biyar, kuma da alkohol ɗin da dama ruwansa kaɗan ne suka fara. Wannan ya nuna inda ta fi amfani, wato wajen ƙarasa aiki. Wanda ya zuba ta a aisofurofanol mai kashi 70 zai buƙaci fiye da kilo ɗaya da rabi a kan lita guda, ga zafin da zai taso. A fara da gishiri, a ƙare da rariya.

Daɗinta shi ne ba ta mutuwa da aiki ɗaya. Idan ta ƙoshi, a baza ta a faranti a wuri mai iska har warin alkohol ya gama fita, sannan a gasa ta a oben ɗin leb a digiri 250 zuwa 300 na wasu awoyi, a juye ta cikin desiketa ko kwalba mai murfin kirki tun da sauran ɗuminta. Kada a sa ta a oben tana jiƙe da alkohol, kuma kada a yi wannan gashi a inda ake gasa abinci. Mu sai da muka yi sau biyu, don ana tsakiyar gashin farko wuta ta ɗauke, ta huce a cikin oben har safiya a tsakiyar watan Agusta. Hanyar gane tana da rai kuwa mai sauƙi ce: ka ɗebi kaɗan a cokali ka ɗiga ruwa, idan ta yi zafi nan take tana aiki, idan shiru ta riga ta sha.

Maganar Agusta ba wasa ba ce. Busasshen itanol na jan ruwa daga iska, rariyar ma haka. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa har leɓe na tsagewa, za ka iya ɗan sakaci ka tsira. Da damina kuwa, ka bar kwalba a buɗe ka je sallah ka dawo, wani ɓangare na wahalarka ya tafi. Kwalbar ajiya ta zama ta gilashi, busasshiya, ba mai girman da iska za ta yi yawa a sama ba, kuma a bar 'yan ƙwayoyin rariya a ƙasanta suna gadi.

To ta yaya za ka san ka yi nasara, tunda jiƙaƙƙen da busasshen duk kamarsu ɗaya? Manyan leb suna da na'urar Karl Fischer, hanyar da aka ƙirƙiro a 1935, mai auna ruwa har kashi-kashi cikin miliyan. Mu talakawa muna da kofa salfet. Shuɗin nan da muka sani, idan an gasa shi a hankali yana zama fari. Ka zuba ɗan farin a cikin samfurinka ka rufe, idan ya koma shuɗi akwai ruwa. Ba ya ganin ruwa ɗan mitsitsi, amma zai bambance maka kashi 96 da abin da ya bushe. Sai kuma nauyi: mililita 100 na itanol tsantsa giram 78.9 ne a digiri 20, na kashi 96 kuwa wajen 80.7. Tazarar ba ta kai giram biyu ba, don haka sai da sikeli mai kyau da kwalbar awo ta gaske, kuma a tuna zafin ɗakinmu ba 20 ba ne, a nemi teburin gyara.

Akwai sunayen da za ka ci karo da su a littafi ko a bidiyon intanet waɗanda ba na gida ba ne, ba na hostal ba ne, ba kuma na ɗalibin da babu malami a kansa ba ne. Ƙarfen sodiyam da kalsiyam haidirayid suna fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, sodiyam ma da alkohol ɗin kansa yake faɗa. Kabaid ɗin masu walda idan ya taɓa ruwa asitilin yake fitarwa, ka rufe shi a kwalba ka haɗa abin fashewa. Ruwan batir mai ƙarfi, wato salfurik asid, ba busar da alkohol yake ba, sauya shi yake zuwa wani abu daban. Hanyar magniziyam da ayodin da Lund da Bjerrum suka fito da ita a 1931 tana aiki, amma ta leb ce mai cikakken kaya.

Ko ba waɗannan, alkohol ɗin kansa abin tsoro ne. Tururin dukansu ukun na iya kamawa da wuta tun daga zafin digiri 11 zuwa 13, wato a garuruwanmu kusan kullum a shirye yake. Risho, gas, kyandir, maganin sauro mai hayaƙi, ko hot-filet mai buɗaɗɗiyar waya, babu wanda ya kamata ya kasance a ɗakin. Wutar mitanol ma da rana da ƙyar ake ganinta. Tsohon aisofurofanol da ya daɗe a ajiye yana iya tara feroksayid, wanda ke fashewa idan an tafasa shi har tukunya ta ƙafe. Ni a ganina duk abin da ya kai ga distileshan a kai shi leb, ɗakin da mutum shida ke kwana ba wurinsa ba ne. Sannan busarwa ruwa kawai take cirewa. Sifirit ɗin kemis an garwaya masa mitanol da gangan don kada a sha, kuma babu rariya ko gishirin da zai raba su. Mililita 10 na mitanol na iya makantar da mutum, 30 na iya kashe shi. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai mitanol.

Wani lokacin kuma busarwar ce kuskuren. Idan don kashe ƙwayoyin cuta ne, alkohol mai ruwa ya fi tsantsa aiki, domin ruwan na taimaka masa ya ratsa ƙwayar cutar kuma yana hana shi saurin tashi. Haɗin sanitaiza na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka yi ta yi lokacin korona, itanol kashi 80 ne ko aisofurofanol kashi 75. Masu jiƙa ganyen zogale ko darbejiya don ciro sinadaransa su ma galibi kashi 70 zuwa 96 ya ishe su. A Burazil akwai motocin da ke tafiya da itanol mai ruwansa kai tsaye, wanda za a garwaya da fetur ne kawai ake busarwa, don ruwa na sa su rabu a cikin tanki. Ka tambayi sufabaizanka ko aikinka na buƙatar busasshe kafin ka kashe kuɗin abincinka na wata.

A gwajinmu na uku mun busar da itanol, amma Baba bai bar mu a nan ba. Ya sa muka tace man awarar muka ɗora shi a zafin digiri 110 har ya daina tartsatsi, don shi ma cike yake da ruwan suya. Ya sa muka auna yawan asid ɗin da ke cikinsa, saboda tsohon mai ko babu ruwa yana iya yin sabulu. Ya kuma hana mu amfani da sodar da ta kwana a buɗe ta yi danshi. Da safe muka tarar da layi a tsakiyar kwalbar, ruwan zuma-zuma a sama, baƙi-baƙi mai kauri a ƙasa. Yawan da muka samu bai kai na littafi ba, kuma a wajen difens wani malami ya tsare mu da tambaya a kan haka, amma aƙalla mun san amsar.

Ga masu neman taken firojek na baɗi, akwai abin da na so a ce mun gwada. A 1979 Michael Ladisch da abokiyar aikinsa a Jami'ar Purdue ta Amurka sun nuna cewa idan aka bi da tururin itanol mai ruwa ta cikin busasshen tsakin masara, sitacin na kama ruwan ya bar itanol ya wuce. Rariyar 3A sai an yi odarta daga waje da kuɗin dala, tsakin masara kuwa da garin rogo da gero ga su nan a kowace kasuwa ana aunawa da kwano. Abin da ake buƙata shi ne bututun gilashi da za a cika da tsakin a riƙe shi da ɗumi yadda tururin ba zai koma ruwa a ciki ba, da kondensa, da sikeli mai kyau, da izinin mai kula da leb.